Taubashina da Fim ɗin da Ya Ci Kyauta

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: akwai wawa guda ɗaya a cikin wannan labari, kuma ni ne. Mamacin ba wawa ba ne, duk da ya yi shekaru yana cin abinci da wasan wauta. Ni da ban taɓa tsayawa gaban kyamarar talabijin ba, ni na riƙe matsayin har ƙarshe, ba wanda ya roƙe ni.

Allah Ya karɓi ran taubashina wata Talata da hantsi, a gidansa da ke Dogo Nini, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Ni ma ina kan layi, sunana ne ba a kira ba tukuna. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun ina rarrafe aka ba ni izinin tsokanarsa, shi ma aka ba shi nawa. Ya girme ni, amma taubasantaka ba ruwanta da furfura. Yana ce mini Malam Aji Huɗu, domin a nan na tsaya a firamare, inda ni da lissafi muka rabu baram-baram. Ni kuma ina ce masa Tsoho tun gashinsa yana baƙi.

Zaman makoki ya yi jama'a. 'Yan tasha sun zo, direbobin tirela sun zo da warin baƙin mai a rigunansu, dillalan kasuwar shanu sun zo, dangi daga Nangere sun cika bas har da na tsaye. Kowa ya zauna sai ya ajiye tasa shaidar. Wani ya ce mutum ne mai haƙuri. Wani ya ce bai taɓa sayar wa kowa ruɓaɓɓiyar igiya ba. Liman ya ce ba a raba shi da sahun gaba. Duk gaskiya suka faɗa, ban ƙaryata ko ɗaya ba. Amma mutumin da suke kwatantawa, da na gamu da shi a hanya, sai in gaishe shi in wuce ban gane shi ba.

Ana cikin haka sai ga mai hoton unguwarmu. Kirista ne, mutumin Filato, ya zo garin nan yana saurayi ga shi har kansa ya yi fari. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban babban ɗan mamacin, ya ce da Hausarsa mai ɗan karkata, "Sannu da haƙuri. Kai, Ba Birki ya tafi! Mun yi dariya a duniyan nan saboda babanka."

Wani tsohon direba da ke gefena ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ban san ko kuka yake ko dariya yake dannewa ba. Babban ɗan, wanda ma'aikaci ne mai mutunci, ba ya wasa da sallah kuma ba ya wasa da komai, ya ce, "Mun gode, Allah Ya ba da lada," yana kallon tabarma. Bayan azahar ya ja ni gefe.

"Baba, don Allah maganar wasan nan a bar ta. Abu ne na ƙuruciya, ya wuce. A roƙa masa gafara kawai."

Na ce to. Wannan rubutun da kuke karantawa, shi ne irin to ɗina.

Ga waɗanda aka haifa jiya, bari in yi bayani. Zamanin da muke ƙarƙashin Borno, kafin a yanka mana Yobe, akwai wani wasan kwaikwayo da ake nunawa a talabijin duk mako. Taubashina ne ke fitowa a matsayin direban wata tsohuwar gingimari, mai fahariya, mai ƙarya, wanda motarsa ba ta tsayawa kuma bai taɓa yarda laifinta ba ne. In ya tunkaro kasuwa sai ya leƙo ta taga ya kwarara ihu, "Ku matsa, ba birki!" Daga nan sunan ya bi shi. Motar ma ba mota ba ce, benci ne da sitiyari da allon katako da aka shafa wa fenti. Amma in ya kama sitiyarin nan ya fara jijjiga, kai da ke zaune a ƙasa sai ka ji hanjinka na kaɗawa.

A lokacin talabijin ɗaya ce a layinmu, a fito da ita ƙofar gida a ɗora a kan tebur. In ya dawo daga Maiduguri wurin ɗaukar shiri, direbobi har rigima suke a kan wanda zai sa shi a gidan gaba. Ni kuwa na ci albarkacinsa iya ci. Duk inda na shiga sai in gyara murya in ce ni ne na koya masa.

Sai shirin ya tsaya. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya sallame shi, kiran ne kawai ya daina zuwa. Da muka nemi kaset daga baya, aka ce a wancan zamani in kaset ya yi ƙaranci sai a ɗora sabon shiri a kan tsoho. Wato an shafe Ba Birki an ɗora masa jawabin wani mai kwat yana buɗe rijiya. Ko hoto ɗaya mai motsi bai rage ba. Ya dawo ya buɗe shagon igiya da tampol kusa da tasha, yana sayar wa masu lodi, nan ya tsufa.

Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba. In wani baƙo ya tsura masa ido ya ce, "Baba, kamar na san ka," sai ya ce, "Wana ne ka sani. Ya yi tafiya." Amma jiki bai manta ba. Duk inda zai zauna, ko a masallaci ne kafin a ta da sallah, sai ka ga ya ɗan juya har haske ya sauka a fuskarsa. Shi kansa bai san yana yi ba. Kuma in mutum ya wuce ta gaban shago, da gira ɗaya zai kwaikwayi tafiyarsa, gira ɗaya tak, ka gane wa ake nufi ka ƙware da shayi.

Lokacin da uwargidana ta rasu, gida ya yi mini girma. 'Ya'ya duk sun watse, wannan a Gombe, wancan a Kano, sai waya. Waya kuwa ba ta cin tuwo da mutum. In na yi tari a tsakar gida sai bango ya amsa mini. Bayan an share makoki da 'yan kwanaki, taubashina ya zo ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Malam Aji Huɗu, bencin shagona ya fara tashi sama ta gefe ɗaya. Ina neman mai nauyin banza ya danne mini shi." Daga ranar, kullum bayan la'asar ina ƙarƙashin bishiyar mainar da ke gaban shagonsa har a kira magariba.

A wannan bencin nake ba da labarin bijimi. Ina saurayi na taɓa bin motar shanu zuwa kudu, ina kwance a kan katakon da ake gittawa a saman dabbobi. Wajen Lokoja gyangyaɗi ya ɗauke ni, hulata ta faɗa ciki, wani jan bijimi ya ɗauka ya fara tauna. Na yi masa magana da Hausa, na yi masa da Fulatanci, bai kula ni ba. Ƙarshen labarin shi ne na isa Legas ba hula. Na lura in na fara, mai shayi sai ya tuna yana da wanke-wanke, masu lodi su tuna ana jiransu. Na ɗauki wannan a matsayin rashin ilimi. Taubashina kaɗai ke zama. Zai gyara zama, ya buɗe baki kaɗan, in na zo wurin sai ya tare ni.

"To, hular fa?"

"Ya cinye!"

"Duka?"

"Har da zaren!"

Sai ya kifa, yana dukan gwiwa, yana share ido da hannun riga, yana cewa, "Wayyo cikina, Allah Ya isa tsakanina da kai." Ni kuwa in koma gida da ƙarfina, in ci tuwo in yi barci.

Yanzu bari mu zo kan fim ɗin, domin shi ya jawo komai.

'Yarsa ta biyu malamar sakandare ce, mai son abubuwan duniya. Wata Asabar ta zo shago da kwamfutarta ta ce, "Baba, ga wani fim da ya ci babbar kyauta a ƙasar waje. Labarin wani tsohon ɗan wasa ne da aka manta da shi. Na ce dole ka gani." Ya ce ba ya so. Ni na ce muna so. Ta ɗora mana a kan buhun igiya ta tafi.

Da wani yaren Turawa suke magana wanda ba Turanci ba, sai a rubuta Turancin a ƙasa. Nan na naɗa kaina tafinta. Matsalar ita ce rubutun yana gudu, aji huɗu kuma yana tafiya da sanda. Kafin in haɗa kalmar farko an shafe an kawo wata. Da na ga haka sai na daina wahalar da kaina, na riƙa faɗin abin da ya kamata su ce. Can ya dafa mini gwiwa ya ce, "Aji Huɗu, huta. Ina jin su." Na ce ta yaya, kai da ko aji ɗaya ba ka leƙa ba? Ya ce, "Ina kallon hannuwansu."

Ga fim ɗin a taƙaice, kuma zan faɗi ra'ayina ba tsoro, ko da masu kyautar za su ji haushi. Wani tsoho ne da ya taɓa zama sarkin ban dariya a ƙasarsu. Yanzu yana zaune a ƙauye gidan ƙanwarsa, yana kiwon agwagi. Wata mai shirya fim ta zo ta lallashe shi ya dawo. Ya yi ta maimaita maganganun da aka ba shi a ɗakin girki, ƙanwar tana feraye dankali tana saurare. Ya hau jirgin ƙasa ya tafi birni. A gaban kyamara kansa ya ɗauke, ya manta komai, yara suna kallonsa da tausayi. Daga baya ya daure ya yi, aka nuna fim ɗin a wani ƙaton zaure, jama'a suka miƙe tsaye suna tafa masa. Sai ya sulale ta ƙofar baya, ya je tashar bas ya zauna shi kaɗai yana cin busasshen burodi. Bas ba ta zo ba. Sai rubutu ya fara hawa sama. Shi ke nan.

Hukuncina: ba waƙa, ba faɗa, ba wanda ya ci abincin kirki tun daga farko har ƙarshe. Ruwan sama kullum, amma ba a nuna gona ko ɗaya ba. Agwagin sun yi ƙoƙari. Tsohon ya iya kuka ba hawaye, wannan na ba shi maki. Amma ƙarshen nan, na rantse kuɗi ne ya ƙare musu suka tsaya a tasha. Mutum ya sha wahala ya dawo, an tafa masa, maimakon a nuna shi a mota mai sanyi ana kai shi gida da kaji, sai a bar shi da burodi? Da ni aka tambaya, rabin kyautar zan ba su, in riƙe rabi sai sun gyara.

Mun kalle shi a zama-zama ne, domin batir ɗin kwamfutar ba ya jure dogon zance. Ranar da muka gama, na karanta masa wannan hukunci nawa. Bai yi dariya ba. Yana ta kallon baƙin gilashin.

Ya ce, "Wurin tashar nan shi kaɗai ne gaskiya a fim ɗin. Wanda ya rubuta shi ya taɓa zama a can."

Na ce, "Wace gaskiya? An yi masa tafi!"

"An yi. Ka san abin da ke biyo bayan tafi? Kowa ya nemi takalminsa. Na sha fitowa daga wurin ɗaukar shiri mutane na riƙe ciki, in je in zauna a tashar Maiduguri ina jiran mota ta cika, ba wanda zan ce wa na gaji. In na faɗa ma dariya za a yi, a ɗauka wasa ne."

Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Da ni mai hankali ne da na yi shiru. Ni sai na ce to ai dai tsohon ya cancanci kyautarsa.

Ya girgiza kai. "Ba shi ya kamata a ba ba. Ƙanwar nan mai dankali, ita ce gwanar."

"Wadda ba ta ce komai ba? Ko ni zan iya feraye dankali."

"Koma ka dubi fuskarta. Kafin a ɗauki wurin nan ta ji maganar tsohon har ta gundure ta. Amma duba yadda take saurare, kamar yau ta fara ji. Wuƙar ma tsayawa take a daidai inda ya kamata. Magana ko aku yana yi, Aji Huɗu. Sauraro shi ne aikin."

Na ce wannan zancen waɗanda ba su yi makaranta ba ne. Na rubuta shi a nan ne kawai don a ga cewa an faɗa mini, da Hausa, da rana tsaka, ban kuma ji ba.

Abin da ni na ɗauko daga fim ɗin daban ne. Na koma gida na kwanta ina kallon rufi, na ce in Bature mai agwagi zai dawo, me zai hana Ba Birki? Ga waya a hannun kowa, ga mai hoton unguwarmu da kyamarar da yake ɗaukar biki. Washegari na sami mai hoton, ya yi tsalle kamar yaro, ya ce ko yau aka shirya shi a shirye yake. Sai na je na sanar da taubashina cewa na gama shirya masa dawowa.

Ya ce a'a. Na sake kawowa washegari, ya ce a'a. Na bi ta lallashi, na bi ta gori, na ce jikokinsa za su girma su ɗauka kakansu tun haihuwa igiya yake aunawa. Rannan da abin ya ishe ni, a gaban masu lodi na ce, "Faɗi gaskiya, Tsoho, tsoro kake ji. Ka san abin ya gudu ya bar ka."

Shekarunmu duka muna zagin juna, har iyaye muna taɓawa tunda namu ne gaba ɗaya, bai taɓa canza fuska ba. Ranar ya canza. Ya ajiye igiyar da yake naɗewa a hankali, ya ce, "Wasan taubasai yana da iyaka, Malam." Malam kawai, ba Aji Huɗu. Ya shiga shago.

Na yi fushi ni ma, don ban san me zan yi ba in ba fushin ba. Na daina zuwa benci. La'asar ta yi, in zauna a tsakar gida ina jin kukan tireloli daga babban titi. Na gwada ba kazar maƙwabta labarin bijimi, ta tsallake katanga. Na gane cewa tsakanin la'asar da magariba akwai nisa, wanda ban taɓa lura da shi ba. Abincin da ake aiko mini ya riƙa komawa rabi.

Ana nan sai na ji keke ya tsaya a ƙofar gida. Taubashina ya shigo ba sallama mai ƙarfi, ya tsaya yana kallon kwanon da ban taɓa ba, da tabarmar da ban naɗe ba tun safe, da ni. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Aji Huɗu, ka rame kamar akuyar rani. Tashi ka kira mai hoton naka."

Na ce a raina, na yi nasara.

Ranar ɗauka na yi shiri na gaske. Na aro tsohon sitiyari a wurin makanikai, na samo tawul na wuya da baƙin tabarau. Mai hoto ya kafa kyamara a gaban shago, masu lodi suka taru. Taubashina ya fito da farar rigarsa ta kullum. Ya ɗauki sitiyarin, ya juya shi sau ɗaya, na ga yatsunsa sun kama shi irin kamun da. Sai ya jingine shi a bango.

Ya ce, "Ba Birki ya tsufa, an karɓe lasisinsa. Yanzu fasinja ne. Kai, zauna nan ka ba mu labarin bijimin nan."

Na ce ba haka aka shirya ba. Mai hoto ya ce, "Baba, ko ihun nan ne ka yi mana sau ɗaya." Ya ce maƙogwaro ba ya ɗauka. Ya zauna a gefen benci, ya ɗan juya har haske ya sauka a fuskarsa, ya kalle ni ya buɗe baki kaɗan. To ni kuma in aka kalle ni haka ba na iya riƙe kaina. Na fara daga kasuwar shanu, na bi hanya har Lokoja.

"To, hular fa?"

"Ya cinye!"

"Duka?"

Ranar ya yi dariyar da ta fi ta kullum, har hularsa ta faɗi. Masu lodin nan da ke gudu in na fara, na ga su ma suna dariya, ko da yake na lura ba ni suke kallo ba. Mai hoto ya tura wa mutane a waya, abin ya zaga gari. A kasuwa ana ce mini, "Kai ne na kusa da tsohon nan mai dariya?" Ina cewa ni ne mai labarin. Amma a cikina ina jin ciwo. Na ce an yi asara. Na kawo masa dama har ƙofar shago, ya mayar da kansa ɗan kallo.

Bayan wannan bai daɗe ba ya kwanta. Na je duba shi, ya rame, muryar ta shige ciki. Sai na ji bakina ya kama hanyar Lokoja. Ya lumshe ido yana saurare. Da na zo wurin na ɗan dakata. A hankali ya ce, "Hular fa?" Dariyar ba ta fito ba, kafaɗa kawai ya motsa. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Ranar addu'ar bakwai na zaga bayan rumfa neman buta, sai na tarar da babban ɗan nan, mai cewa a bar maganar wasa, a tsugune shi kaɗai da waya a hannu. Muryata na ji tana fitowa, sannan dariyar ubansa. Yana kai ƙarshe sai ya mayar farko. Bai gan ni ba, ni ma na yi kamar ban gan shi ba. Na fasa alwalar na koma.

Yanzu an naɗe tabarmi, mutanen Nangere sun koma, shago a rufe. Jiya na bi ta wurin bayan la'asar, ba da niyya ba, ƙafa ce ta kai ni. Bencin yana nan. Na zauna a gefena, ɗaya gefen ya ɗaga sama. Allah Ya jiƙanka, Tsoho. Allah Ya yafe maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa dariyar da ka sa bayinSa ta zama nauyi a mizaninka. Ya ba iyalinka haƙuri. Ni kuma Ya ba ni abin yi tsakanin la'asar da magariba.

Daga bencin na wuce gidan, don in gaida matarsa da ke takaba. Tsohuwa ce mai ƙarancin magana, tun tana amarya nake tsokanarta tana share ni. Na zauna a bakin ƙofa, ita tana ciki a kan darduma da carbi, 'yarsa malamar nan tana gefe tana tsince shinkafa. Bayan gaisuwa sai abin da ke cina ya fito.

Na ce duniya ba ta yi wa mijinta adalci ba. Na ce Bature mai agwagi ya dawo an miƙe masa tsaye an ba shi kyauta, namu kuwa an shafe kaset ɗinsa, a makokinsa ma an hana a ambaci sunan. Na ce ni dai na fita hakkinsa, na yi iya ƙoƙarina in mayar da shi wasa ya ƙi. Na ce yanzu abin da ya rage na gwanin garin nan kaf shi ne hotonsa yana zaune yana kallon wani, kuma ba don Allah Ya sa labarina yana da ban dariya ba, da ko wannan babu.

'Yar ta daina tsintar shinkafa. Tsohuwar ta ja carbi ɗaya, ta ja na biyu. Ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Malam, labarin bijimin nan naka ko ranar farko ba shi da ban dariya. Wa ya ce maka ya bar wasa? Tun da matarka ta rasu kullum da la'asar yake fita aiki, ya dawo ya ce mini yau ma an ci hular. Ɗan kallo ɗaya gare shi, shi ma har aka gama bai gane wasa ake yi ba."